Gonar gado a bakin fadama: a yanka fulotai ko a bar ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gaji gona hekta biyu a bayan garin Birnin Kebbi, rabi tudu, rabi ta gangara fadama inda muke noman shinkafa. Gari ya iso mu, dillalai sun matsa mu yanka ta fulotai. Me kuka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ku yanka tudun, ku bar fadamar.

Tun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 garin ke faɗaɗa, kuma dole mutane su sami matsuguni. Amma fadama nan ne Gulbin Rima ke baza ruwansa idan ya cika a watannin Agusta da Satumba, balle in an saki ruwan dam ɗin Goronyo. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ba sai an yi masa bayani ba. Dillali zai ce ai sai a cike wurin da jar ƙasa. To ruwan da ke kwanciya a nan ina zai je? Gidan maƙwabci zai nufa, ko gonar da ke ƙasa da ku.

Ƙasar ma ba ta ɗaukar gini. Baƙar laka ce, tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, har mutum ya iya zura hannu a tsagar. Wannan motsin ne ke fasa bango daga tushe, ƙofa ta daina rufuwa. Ruwan ƙasa kuma yana kusa, saboda haka masai kan cika ya gurɓata rijiya, danshi ya hau bango fenti ya riƙa ɓarewa.

Kada ku ja iyaka da rani, lokacin ko'ina a bushe yake. Ku bari sai ƙarshen Agusta, ku haƙa ramuka masu zurfin mita ɗaya da rabi daga tudu zuwa gangare, ku duba washegari. Inda ruwa ya tsatso, ba wurin gida ba ne. Ku kuma tambayi dattawan wurin inda ruwa ya tsaya a 2020, ku ja baya daga nan, ku dasa layin itatuwa a tsakani.

Sai lissafin tudun. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana cin kusan 465, wato a takarda za a sami 21. Idan aka fitar da hanyoyi da magudanan ruwa, kusan 15 za su rage. Masu son cin 21 ɗin su ke haifar da lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga, ruwan sama kuma ya rasa mafita ya ci hanya ya zama kwazazzabo. Duk wata tsohuwar hanyar ruwa ko burtalin shanu da ya ratsa gonar, a bar shi a buɗe.

Kafin ku karɓi ko sisi, a raba gadon a rubuce. Ku ɗauko safiyo mai rajista ya auna ya kafa duwatsun iyaka, a zana tsarin fulotan, a kai ma'aikatar filaye da hukumar raya birane ta jihar Kebbi, wato KUDA, su amince. Takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki kawai. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin cikin birni yana hannun gwamna ne, shi ke ba da takardar mallaka, kuma idan aka karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar gini da amfanin gona ake biya, ba kuɗin da kuka sayar da fuloti ba. Mai sayen da aka rushe wa gida, ku zai maka a kotu.