Amsa ga mai tambaya kan shigar kare gidan abinci

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a sabon shago. Ka tambaya ko za ka iya manna takarda a ƙofar gidan abincinka na Birmingham cewa ba a shiga da kare, tunda abincin halal kake sayarwa. Shekarata tara ina wannan aiki a birnin Lesta, nan Ingila, tun daga wanke-wanke har na kai ga kula da masu kai abinci tebur, don haka ga abin da na gani.

Kafin ka rubuta komai, ka raba karnukan kashi biyu. Karen da mutum ke kiwo don sha'awa, kai ke da iko. Dokar Ingila ba ta hana shi zama inda ake cin abinci ba, ba ta kuma tilasta maka karɓarsa ba. Abin da jami'an tsafta na ƙaramar hukuma ke dubawa shi ne kada ya kusanci kicin ko ɗakin ajiya. Ni dai ra'ayina a hana shi. Na taɓa aiki a wani wuri da ake bari, da idona na ga wani ƙaramin kare ya miƙe ya sa harshe a farantin wani yaro a teburin da ke kusa, mai shi kuwa tana ta latsa waya. Uwar yaron ta biya kuɗi ta fita, ba mu ƙara ganinta ba.

Karen jagora kuwa, wato wanda ke yi wa makaho jagora, maganarsa daban. Dokar daidaito ta 2010 ta ɗauki korar makaho saboda karensa a matsayin wariya, kuma zai iya maka ka a kotu. 'Yan'uwanmu masu tuƙa tasi sun san wannan, don su tarar tana iya kai fam 1,000.

Amma ba tsoron doka kaɗai nake so ya sa ka yarda ba. A shekarata ta farko wata tsohuwa makauniya ta shigo da wani baƙin kare ƙato, an ɗaura masa farar ragama mai ratsin ruwan ɗorawa. Gabana ya faɗi, na tare ƙofa na ce ba a shiga da shi. Ba ta yi faɗa ba, ta tsaya shiru riƙe da ragamar, ana yayyafi a kanta, har maigidana ya fito ya ba ta haƙuri. Karen ya kai ta har kujera, ya shige ƙarƙashin tebur ya ɗora haɓarsa a kan ƙafarta. Fiye da awa ɗaya ana wucewa da gasasshen nama ta gabansa, ko kai bai ɗaga ba. Har yau in na tuna tsayuwar matar nan a bakin ƙofa sai raina ya ɓaci. A gida yaro ne ke riƙe wa makaho sanda, a nan kuwa ba ta da wannan yaron, karen ne idonta.

Batun najasa, ka zauna da malaminka. Abin da muka taso a kai na Malikiyya shi ne kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai kuma bin umarni ne. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun fi tsanantawa, kuma za ka samu masu bin su cikin masu zuwa wurinka. Duk da haka, a 2008 wani masallaci a nan Lesta ya yarda wani matashi makaho ya riƙa zuwa da karensa bayan an nemi fatawa, aka yi wa karen wurin jira kusa da inda ake ajiye takalma.

Takardar taka ta ce ba a shiga da kare sai karen da ke taimakon naƙasasshe, don akwai na kurame ma, masu sa riga ja mai duhu. Ka gaya wa yaran shago kada su shafa shi ko su jefa masa ƙashi, yana bakin aiki ne. In wani ya ce yana tsoro ko gashin kare na tayar masa da asma, shi za ka sauya wa tebur cikin mutunci, kada ka tura makahon can kusa da banɗaki.