Amsa ga 'yar'uwar da ke tambayar abin da za ta yi da yara kafin Kirsimeti

'Yar'uwa, na ga tambayarki tun da safe, sai yanzu na samu zama. Kin ce yara sun dame ki da tambayar saura kwana nawa Kirsimeti, ga shi bana hannu bai cika ba, kina tsoron kada ranar ta zo ta wuce ba su ji daɗinta ba. Kin ƙara da cewa ke ba ki iya aikin hannu ba. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na ce sai na amsa miki, domin ni ma da haka na fara.

'Ya'yana uku, babbar tana da shekara 16, auta yana da 7. Abin da na lura da shi tsawon shekarun nan, ranar 25 ga Disamba kamar ƙiftawar ido take a wurinsu. Abin da suke ba da labarinsa har a tsakiyar shekara shi ne makonnin da muka yi muna jiranta, da abin da hannunsu ya yi a ciki.

Daren 30 ga Nuwamba muke yin sarƙar takarda. Ki yanka takarda siriri-siriri guda 24, faɗin yatsu biyu, tsawon ya ɗan fi tafin hannu. Kowace irin takarda ta yi, har tsohuwar kalanda. Kafin ki manne, ki rubuta abu ɗaya a cikin kowace, sannan ki naɗe ta kamar zobe ki zura ta cikin 'yar'uwarta, ki sa gam. Ki rataye inda kowa zai gani. Daga 1 ga Disamba, kowane dare yaro ɗaya ya tsinke zobe ɗaya ya karanta. Namu sukan ce: yau za mu kira kaka, yau baba zai ba da labarin yarintarsa, yau kowa ya zaɓi abin wasa ɗaya da zai ba wani yaro, yau a kashe fitila a yi waƙa. Ki sa masu sauƙi su fi yawa, don wallahi kafin a kai rana ta goma gajiya ta kama ki, kuma alkawarin da aka rubuta wa yaro ba ya mantawa da shi. Daga ranar da sarƙar ta hau bango, tambayar saura kwana nawa ta ƙare a gidana. Auta da kansa yake zuwa ya ƙirga.

Kada ki ɗauka naki ne kaɗai masu wannan tambaya. A shekarar 1839, a birnin Hambag na ƙasar Jamus, wani malamin coci mai suna Johann Hinrich Wichern yana kula da yara marasa galihu, su ma kullum ita ce tambayarsu. Sai ya ɗauko tsohuwar ƙafar keken doki ya jera kyandir a kanta, manya huɗu farare na ranakun Lahadi, ƙanana jajaye na sauran ranaku, ana kunna ɗaya kowace rana. Daga nan ne kyandir huɗun da ake kunnawa a Lahadi huɗun da ke gaban Kirsimeti suka samo asali, lokacin da coci ke kira Adbent, wanda yake farawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Mu ma muna da namu huɗu a kan faranti. Abu ɗaya dai, ki nisanta su da sarƙar takarda da labule, kuma kada a tashi a bar su a kunne ko da na minti ɗaya ne.

Wanda ya fi shiga raina shi ne komin dabbobi, irin wanda aka kwantar da jariri Yesu a ciki. Kwalin takalmi muke kwantarwa a gefensa ya zama ɗaki, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko takardar da aka yayyanka. Maryamu da Yusufu da makiyaya duk daga bututun kwalin takardar bayan gida suke fitowa, a naɗe su da ragowar ƙyalle, a ɗaure ƙugu da zare, a zana ido da biro. Tumaki kuwa auduga ce da tsinken ashana huɗu. Komin muna barinsa babu kowa a ciki har daren 24. A gefensa akwai ɗan kofi cike da tsinkayen ciyawa, duk wanda ya yi wa wani alheri a ranar sai ya ɗauki ɗaya ya sa a komin, don shimfiɗar jaririn ta yi taushi. Wata rana na leƙo na ga na tsakiyar, wanda shi ne mai zafin zuciya a cikinsu, ya tsaya shi kaɗai yana saka tsinke a hankali. Ashe ya gyara wa ƙaninsa motar wasan da ya karya masa. Bai faɗa wa kowa ba, ni ma ban nuna na gan shi ba.

Wannan ma tsohon abu ne. A 1223 waliyyi Faransis na Assisi ya shirya komi da ciyawa da sa da jaki masu rai a garin Greccio na Italiya, don mutane su ga da idonsu irin talaucin da aka haifi Yesu a cikinsa. Ina gaya wa yarana wannan duk shekarar da suka ce namu bai kai na kanti kyau ba. Masanan nan da suka zo daga gabas don ganin jariri Yesu kuma, can ƙarshen falo muke ajiye su, kullum a matso da su kaɗan. Babbar ce ta taɓa tambayata ko su nawa ne, muka buɗe Bisharar Matiyu sura 2 tare, muka ga ba a faɗi adadinsu ba, kyaututtukan ne uku: zinariya da lubban da mur. A shekarar sai da ta haɗa masana biyar. Yanzu da ta girma, ita take karanta Bisharar Luka, sura ɗaya kowane dare, tun da surorinsa 24 ne cif. Ƙananan kuwa sura 1 da 2 sun ishe su, a gutsuttsura musu kaɗan-kaɗan.

Idan kina son abin da zai daɗe, ki kwaɓa garin fulawa kofi 2 da gishiri kofi 1, ki riƙa zuba ruwa a hankali har kusan kofi 1, sai ya daina kama hannu. A murza shi da kwalba, a yanka taurari, ko yaro ya danna tafin hannunsa a kai. Ki huda ramin zare tun yana ɗanye, in ya bushe ba ya huduwa sai dai ya fashe. Yana bushewa a iska cikin 'yan kwanaki idan ana juya shi, sannan a shafa fenti, a rubuta shekara a baya. Ki kula kada ƙaramin yaro ko dabbar gida su ci, gishirin ya yi yawa ƙwarai, kuma wurin ajiya ya zama busasshe domin gishiri yana jan laima.

Ga kuskuren da nake roƙonki kada ki yi. Lokacin babbar tana da shekara 6, ta yanka tauraron da za mu liƙa a saman komin. Ya karkace, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, gam ya yi dama-dama a jiki. Da ta yi barci na cire shi na yanka wani mai kyau na liƙa, a tunanina na taimake ta. Da safe ta tsaya a gabansa ta daɗe, sannan ta juyo ta ce, "Mama, nawa bai yi kyau ba ne?" Ba ta yi kuka ba, amma ba ta sake taɓa almakashi ba har Kirsimeti ya wuce. Na tono nata daga kwandon shara na miƙe shi da hannu na ba ta haƙuri. Har yau shi muke liƙawa, kuma tun daga ranar ban sake gyara aikin yaro a bayan idonsa ba. Shi ya sa rashin iyawarki bai dame ni ba. Uwar da ta ƙware ita ce hannunta yake ƙaiƙayin karɓe aikin.

Ban ce wannan zai hana su son sabbin kaya ba. Za su so, za su kuma yi faɗa a kan wa zai tsinke zoben yau, don haka ki rubuta sunan mai rana a bayan kowane zobe tun farko. Maganar kuɗi kuma, ku zaunar da su ke da maigida tun farkon wata ku faɗa musu gaskiyar abin da za ku iya bana. Yaro yana ɗaukar magana idan ta zo da wuri, wadda ta zo ana gobe biki ce take yi masa ciwo. Ki ja maigidan cikin aikin ma, ko da riƙe tsani ne da yanka kwali mai tauri. Nawa da farko kallo kawai yake yi, yanzu shi ne mai yin raƙuma, ba ya yarda kowa ya taɓa masa.

Idan wata ya riga ya yi nisa lokacin da kika karanta wannan, ki ƙirga kwanakin da suka rage ki yanka takarda daidai su, ko tara ne ko biyar. Ki shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur saboda gam, ki ba ƙananan almakashi mara tsini. In kin yi, don Allah ki dawo ki gaya mana abin da yaran suka ce a rubuta a zoben farko.