Tambayoyin manoman inabi: tsami, nuna da cutar ganye

Wani manomi daga Kudan ya rubuto cewa bara inabinsa ya yi zaƙi har 'yan sari na rububi, bana kuwa sai tsami, alhali taki da ban-ruwa duk yadda ya saba ya yi. Malam, ka ƙirga nonnan da ka bar wa kowace kuranga? Kwaɗayin yawa ne ke kashe zaƙi. A Bodo ta Faransa, masu gonakin jan inabi na gado, waɗanda giya suke yi da nasu, kan bi gona wajen watan Yuli su yanke wasu nonnan tun suna ɗanye su zubar, don sauran su nuna sosai. Duk da haka shekara ba ta zama ɗaya: ta 2010 sun yi ta yabo, ta 2013 ruwa da sanyi suka ɓata musu. Mu na ci muke nomawa, amma kurangar halinta ɗaya. Ka rage kaya, kuma da 'ya'yan sun fara sauya launi ka sassauta ruwa.

Mai tambaya ko zai tsinke ɗanye ya nuna a ɗaki: a'a, inabi ba ayaba ba ne, yadda ka tsinke shi haka zai tsaya.

Sai wasiƙa daga Hunkuyi. Ganye ya yi ɗigo-ɗigo rawaya kamar an ɗisa mai, ƙarƙashinsa fari kamar auduga, an sayi magani mai tsada har kala uku ba sauƙi. Alhaji, na gaji da maimaita wannan: maganin ƙwari kake fesa wa cutar da ba ƙwaro ya kawo ta ba. Fumfuna ce mai son laima. Daga Amurka ta shiga Faransa a 1878. A 1882 wani malamin jami'ar Bodo, Millardet, ya ratsa gonar Ducru-Beaucaillou, ya lura kurangun bakin hanya na nan da ganyensu shar, na ciki kuwa sun kakkaɓe. Ashe mai kula da gonar ya yayyafa wa na bakin hanyar shuɗin gishirin jan ƙarfe, wato kofa salfet, haɗe da farar ƙasa, wato laim (lime), don ɓarayin hanya su ɗauka guba ce. Maganin ɓarawo ya zama maganin cuta, a 1885 ya bayyana wa duniya, har gobe kuma ana aiki da shi.

Haɗin ba wuya. Kilo 1 na gishirin, kilo 1 na farar ƙasa, ruwa lita 100. Ka jiƙa kowanne daban a roba ko randa, ban da bokitin ƙarfe domin cinye shi zai yi, sannan ka tsiyaya shuɗin cikin ruwan farar ƙasar kana motsawa. Tsoma wuƙa mai tsabta: in ta fito da ja-ja a jikinta, ƙara farar ƙasa, in ba haka ba ganyen zai ƙone.

Sai dai rigakafi ne, ba ya ta da ganyen da ya riga ya mutu. Ka fesa kafin cutar ta kama, ka karkata bakin famfon sama ya sami ƙarƙashin ganye, in an yi ruwa mai ƙarfi ka sake. Ganyen da ya zube ka kwashe ka ƙone, rassan da suka cunkushe ka rage iska ta ratsa. Abin da ka dama da safe ya ƙare a ranar, kada ya kwana a tanki.