Hukuncin ajiye wuƙar keris mai zanen "ruwan zinare"

Tambaya: Malam, ina karatu a Yogyakarta ta ƙasar Indonesiya. Mai gidan da nake haya ya ba ni kyautar wuƙar mutanen tsibirin Jawa da ake kira keris, ya ce zanen jikinta sunansa udan mas, yana jawo arziki. Na karɓa don kunya. Ya halatta in ajiye ta?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ajiye ta, amma ka san me kake ajiyewa.

Zanen nan da suke kira pamor aikin maƙeri ne. Yakan haɗa ƙarfe da wani mai sinadarin nikel, ya ninka, ya buga, ya sake ninkawa, har farare-fararen layuka su bayyana a kan baƙin ƙarfe. Mai ɗigo-ɗigo kamar naka shi ne udan mas, wato ruwan sama na zinare. Akwai wos wutah, zubabbiyar shinkafa, da ake dangantawa da wadata, da kulit semangka, ɓawon kankana, wai don farin jini. Gwaninta ce ta gaske, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama ta a 2005.

Sanya wa makami suna ba laifi ba ne, takobin Annabi (SAW) ma sunansa Zulfiƙar. Kyakkyawan suna kuma yana sa fata nagari, wanda Annabi ya ce yana burge shi.

Matsalar tana zuciya. Wanda ya ƙudurce cewa ƙarfen da kansa yake kawo arziki ya yi babbar shirka. Wanda ya ce Allah ne mai bayarwa, ƙarfen sanadi ne kawai, ya faɗa ƙaramar shirka, domin shari'a ba ta sanya shi sanadi ba, hankali ma bai shaida ba. Ka tuna da sababbin musulunta suka roƙi a ware musu itacen rataye makamai don neman albarka, irin itacen mushirikai da ake kira Zatu Anwaɗ, Annabi ya kwatanta roƙonsu da na Bani Isra'ila ga Annabi Musa. Haka tsoron zanen buntel mayit, likkafanin gawa, da ake cewa yana halaka mai shi: camfi ne da aka hana.

A watan Suro, wato Muharram, za ka ga ana wanke wuƙaƙen da lemun tsami. In don tsatsa ne, ka wanke taka duk ranar da ka so. Turaren wuta da furanni don wani da ake zaton yana zaune cikinta, wannan kada ka kusance shi.

Mai gidanka kuwa alheri ya nufa. Ka gode masa, ka yi masa bayani a hankali, kai da shi. In ka ji zuciyarka ta fara jingina da wuƙar, ka rabu da ita.

Allah ne mafi sani.