Warranty da guarantee: wanne ne zai gyara maka firji?

Tambaya: Ina shirin sayen firji a Kano. A jikin kwalin wani sabo an rubuta cewa yana da "warranty" na wata 12, shi kuma wani mai shago ya ce nasa ɗan Kwatano ne, amma zai ba ni "guarantee". Shin ma'anarsu ɗaya ce?

Amsa: Asalinsu ɗaya ne, domin duka biyun sun shigo Ingilishi ne daga tsohon Faransanci, kuma ta biyun ita ce garantin da muke faɗa a kasuwa. Sai dai a harkar ciniki kowacce da inda ta fi ƙarfi.

"Warranty" alkawari ne a rubuce daga kamfanin da ya ƙera kayan, cewa idan matsala ta taso daga ƙira a cikin wa'adin da aka ɗiba, zai gyara ko ya canza abin da ya lalace ba tare da ka biya ba. Yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne mutane da yawa suke tafka asara, domin galibi ba ya ɗaukar nauyin firjin da ya faɗi daga mota wajen sauke shi, ko wanda wuta mai ƙarfi ta ƙona, ko wanda mai gyaran unguwa ya riga ya kwance wa kwamfireso.

"Guarantee" kuwa ta fi faɗi, tana nufin lamuni ko tabbaci kowane iri, shi ya sa ake kiran wanda ya tsaya wa mai karɓar bashi "guarantor". A ciniki takan nufi mayar da kuɗi idan kaya bai gamsar ba, amma kamfanoni da kansu sukan cakuɗa kalmomin biyu, saboda haka abin da aka rubuta a takardar shi ne abin dubawa.

A ganina sabon ya fi kwanciyar hankali, muddin aka ba ka katin "warranty" ɗinsa da rasit mai kwanan wata da lambar firjin. Idan kuɗinka ɗan Kwatanon suka kai, ka sa mai shagon ya rubuta kwana nawa garantin zai yi, da abin da zai yi maka idan firjin ya daina sanyi, gyara ko canji ko mayar da kuɗi, sannan ya sa hannu. Da wannan takarda za ka iya kai ƙorafi ga shugabannin kasuwa ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, a saurare ka da hujja.