Taraktar da garantinta bai ƙare ba: amsa ga ɗan koyo

Ɗana, na ji tambayarka game da ƙaramar taraktar da manomin nan ya kawo gareji, wadda hannuwanta na baya suka daina ɗaga garma alhali ba ta cika shekara da saye ba, ga shi kuma dilan da ya sayar da ita a Garwa kullum sai ya ce a dawo gobe. Kana son ka kwance famfon haidirolik, wato famfon da ke tura man da yake ɗaga hannuwan, ka gyara masa tunda damina ta kankama. Kada ka ɗora sifana a kan famfon nan, ko da ka tabbata ka gano ciwon.

Dila ba daga aljihunsa yake biyan gyaran garanti ba. Yakan rubuta wa kamfanin da ya ƙera taraktar, ya aika lambar jikinta da ta injin da adadin awannin da ta yi aiki, sau da yawa kuma a nemi ya ajiye abin da ya lalace domin a bincika. Idan aka ga shaidar sifana a kan kusoshi, ko aka ga fentin da masana'anta ta ɗiga a kan noti ya tsage, kamfani zai ƙi biya, dila ya zame jikinsa, manomi ya zauna da asara, sunan garejinmu kuma shi za a riƙa ambata.

Wannan ba ya nufin ka naɗe hannu. Akwai binciken da ake yi daga waje ba tare da an buɗe komai ba. Ka zaro sandar auna mai ka duba, domin a yawancin ƙananan taraktoci mai ɗaya ne akwatin giya da haidirolik suke sha. Idan man ya yi kumfa, iska ce take shiga ta tiyon da famfo yake zuƙa. Idan ya yi fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya shiga, kuma hakan ya fi faruwa ga taraktocin da ke aikin shinkafa a fadamun Binuwai da wajen Lagdo. Ka tayar da injin ka saurara ko famfon yana kuka lokacin da aka ja sandar ɗagawa, ka tambayi direban ko nauyin garmar da yake ɗaurawa ya wuce abin da littafin taraktar ya yarda. Duk abin da ka gani ka ɗauke shi a waya, hoto da bidiyo, har da agogon awanni da farantin lambar jiki.

Daga nan sai takardu, kuma a nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Ka sa manomin ya kawo rasitin saye da littafin garanti, ku karanta tare, ka fassara masa idan ba ya jin Faransanci. Garanti yakan ƙare ne da shekaru ko da awannin aiki, duk wanda ya riga cika. Kamfanoni da yawa suna sharɗanta juyen mai na farko a awa 50, kuma tambayar farko da dila zai yi ke nan. Idan an yi juyen, ina rasitin mai da filta? Shi ya sa nake matsa muku ku rubuta kwanan wata da awanni duk lokacin da kuka juye mai, ko da mai tarakta yana sauri. Abubuwan da aiki ke cinyewa, irin su bel da filta da farantin kuloci, galibi ba sa cikin garanti, haka ma ɓarnar da gurɓataccen man gas na bakin hanya ya jawo. Idan bincikenka ya nuna laifin daga wajen mai taraktar ne, ka gaya masa gaskiya cikin ladabi kafin ya kashe kuɗin motar da za ta ɗauke ta, domin kuɗin kaiwa da dawowa yawanci a kansa yake.

Idan kuwa alamu sun nuna aibin daga masana'anta ne, to a daina zancen baka. Ya rubuta takarda mai kwanan wata, ya bayyana matsalar da ranar da ta fara, ya kai wa dila kofi biyu, a buga masa hatimi a ɗaya ya riƙe. Ranar da za a bar taraktar a wurinsu, a karɓi takardar shigar da aiki wadda ta nuna awannin da ke kan agogo. Ka raka shi idan ya nema, ka yi magana da babban makanikensu da girmamawa, ka faɗi abin da idonka ya gani kawai, kada ka ce za ka koya masa aikinsa. Wani jinkirin na gaskiya ne, domin kayan gyara sai sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala kafin su hauro arewa ta Ngaundere. Amma ya kamata a rubuta ranar da aka yi odar kayan da ranar da ake sa ran isowarsu.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin huɗa, domin gonar auduga ko masara ba ta jiran takarda. Idan kayan za su makara, manomin ya nemi ɗayan biyu: ko su ara masa wata tarakta, ko su ba da izini a rubuce cewa garejinmu ya yi gyaran da kayansu na asali ba tare da garanti ya ɓaci ba. Da wannan takarda a hannu za ka iya kwance famfon, ka ajiye tsohon a leda da lambar taraktar a jikinsa. Idan sun ƙi duka biyun, Kamaru tana da dokar kare masu saye ta 6 ga Mayu 2011, kuma yana iya kai kokensa ofishin ma'aikatar kasuwanci na yanki tare da kofin takardunsa. Kafin nan ka taimaka masa ya sami taraktar haya ko shanun huɗa, ka rufe tasa da tamfol a inda ruwan sama ba zai taɓa ta ba.