Amsa: Me ya haɗa maganin farfaɗiya da zafin ƙafa?

Malam, ka ce likita ya rubuta wa Inna gabapentin saboda raɗaɗin ƙafa na ciwon suga, kai kuwa ka san maganin farfaɗiya ne. Ba kuskure ya yi ba. Jijiyoyin saƙo suna da 'yan ƙananan ƙofofi da sinadaran sodiyam da kalsiyam ke ratsawa. In suka yawaita buɗewa a ƙwaƙwalwa, sai farfaɗiya ta tashi. In a ƙafa ne, sai mutum ya ji kamar ya taka rairayin Sakkwato da azahar. Gabapentin yana rage aikin ƙofar kalsiyam. A 2025 ma Amurka ta amince da suzetrigine, wani maganin zafi na daban mai toshe wata ƙofar sodiyam. Gabapentin ɗin yana iya sa Inna jiri da barci, amma kada ta daina kwatsam sai da izinin likita.